Kafin mace ta ce wa alƙali "a raba mu"

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai albarka mu yi magana a kan abin da ake yi kullum a kotunanmu, amma ba kasafai ake bayyana wa jama'a yadda yake tafiya ba, wato neman taimakon shari'a idan aure ya zo ƙarshe. Wa'azin haƙuri da zaman aure yana da yawa, kuma muna tare da shi. Sai dai akwai auren da ya riga ya mutu, akwai kuma wanda ci gaba da shi cuta ce. A nan ne mata da yawa, har da maza, suke asarar haƙƙin da Allah Ya ba su, don ba wanda ya zaunar da su ya nuna musu ƙofar da za su shiga.

A je kotun Shari'a da safe a tsaya kusa da teburin magatakarda. Mace za ta zo da goyo a baya, kawunta ko ƙanenta yana biye da ita. Magatakarda ya ɗauki biro ya ce, "Me kike nema?" Ta ce, "Ni dai a raba mu, na gaji." Shi kuwa ga layi yana jiransa, sai ya rubuta cewa tana neman khul'i. Da wannan kalma guda shari'a ta ɗauki hanya, kuma hanyar ita ce wadda matar za ta biya kuɗi. Alhali da an tambaye ta a tsanake, da an ga tabo a kafaɗarta, da an ji cewa wata bakwai ke nan ko mudun masara ba a ajiye mata ba. Wannan mata tana da ƙarar da za ta fita da ita ba ta biya ko kobo ba, har a bi mata bashi. Saboda irinta muka rubuto wannan wasiƙa.

Kotunan Shari'a na Arewa da mazhabar Malikiyya suke hukunci, kuma Muhtasar na Halil da Tuhfa ne littattafan da alƙalai suka fi dogara da su. A wannan mazhaba mace tana da hanyoyi da dama na neman rabuwa, kowace da abin da take haifarwa. Khul'i fansar kai ne: mace ba ta son zaman, mijin kuma bai cutar da ita ba, sai ta mayar masa da wani abu ya sawwaƙe mata. Asalinsa aya ta 229 ta Suratul Baƙara, da hadisin matar Sabitu ɗan Ƙaisu, wadda Annabi (SAW) ya tambaye ta ko za ta mayar wa mijinta gonar da ya ba ta, ta ce za ta mayar. A lura da abin da ta faɗa kafin nan, cewa ba ta zargin mijinta a addininsa ko halinsa. Wadda take da ƙorafi a kan halin miji hanyarta daban ce, ita ce neman saki saboda cutarwa. Idan cutarwar ta tabbata, alƙali zai sake ta ko mijin bai yarda ba, ba ta mayar da komai, kuma sakin yankakke ne, ba shi da ikon kome sai da sabon ɗaurin aure da yardarta. Malaman mazhabar sun lissafa duka mai raunatawa, da zaginta ko zagin iyayenta, da ƙaurace mata da magana, da juya mata baya a shimfiɗa, kuma ba sharaɗi ba ne sai an tabbatar ya maimaita idan cutarwar bayyananniya ce. Yin kishiya shi kaɗai ba ya cikin lissafin. Wadda ta kafa ƙararta a kan "ya yi mini kishiya" za ta faɗi. Wadda ta nuna cewa tun da amarya ta tare aka hana ta kwananta, aka janye mata cefane, tana da magana mai ƙarfi.

Rashin ciyarwa ƙara ce mai zaman kanta. Alƙali zai ba mijin wa'adi gwargwadon yadda ya ga hali, in bai kawo ba ya sake ta, sai dai a wannan sakin mijin yana da damar kome cikin idda idan ya samu abin ciyar da ita. Mijin da ya yi rantsuwar ƙaurace wa shimfiɗar matarsa wa'adinsa wata huɗu ne, kamar yadda aya ta 226 ta Baƙara ta ce. Wanda tun da aka yi auren ya kasa kusantar iyali saboda larura ana ba shi shekara guda ya nemi magani. Wanda ya ɓace, ba a san yana raye ko ya mutu ba, idan ya bar dukiyar da za a ciyar da matar, ana jiran shekara huɗu bayan an kai wa alƙali an yi cigiya, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Idan kuwa bai bar komai ba, kuskure ne a shigar da ƙarar ɓacewa, ƙarar rashin ciyarwa za a shigar, wadda ba ta buƙatar wannan dogon jira. Matan 'yan ci-rani da suka tafi Kudu ko Libiya aka daina jin ɗuriyarsu suna shan wahalar shekaru saboda rashin sanin wannan bambanci kawai.

Akwai kuma inda mace ba ta da shaidun cutarwa, mijin ya ce ba zai saka ba ko nawa za a ba shi, rigima kuma ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Shari'a ba ta bar wannan a buɗe ba. Aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta ce a naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. A Malikiyya waɗannan biyun suna da ikon raba auren idan gyara ya gagara, ko ma'auratan ba su yarda ba, da biya ko babu biya, gwargwadon wanda suka samu da laifi. Mace ko lauyanta su roƙi alƙali ya naɗa su, a rubuta roƙon a littafin kotu. Sannan ga wani hukunci da mutane ƙalilan suka sani: macen da ta biya kuɗin khul'i don ta tsira daga cutarwa, idan daga baya ta kawo shaidar cewa cutar da ita ake yi, ana karɓo mata kuɗinta, sakin kuma yana nan daram.

Duk wannan a kan shaida yake tsayawa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Maganar saki da cutarwa maza biyu adalai take buƙata. Maganar dukiya, kamar sadaki ko kayan ɗaki, tana tabbata da maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya da rantsuwar mai ƙara. Uba ba ya shaida wa 'yarsa, ɗa ba ya shaida wa uwarsa, kuma wanda aka san yana da gaba da mijin za a soke shi. Yawancin mata iyayensu kaɗai suke kawowa, a soke su a zama ɗaya, ƙara ta rushe. Maƙwabta, da mai unguwa, da limamin da aka taɓa kai wa ƙorafi, da mai gidan haya, su ne shaidun da suke tsayawa. Da yake duka a cikin ɗaki ake yinsa, mazhabar ta yi sauƙi: ana karɓar shaidar maza biyu da za su ce maganar cutarwar ta yaɗu a unguwa, sun ji ta daga maƙwabta da mata da masu shiga gidan. Saboda haka macen da take ɓoye komai don rufin asiri, ranar da za ta tsaya gaban alƙali ba za ta samu mai faɗa ba. Ba muna cewa a riƙa tallan sirrin aure ba. Amma waliyyi da wani dattijo ɗaya ko biyu su sani tun abin yana ɗanye. Idan an ji rauni a je asibitin gwamnati a ranar, a karɓi kati mai kwanan wata, a ɗauki hoto. Takardar likita tana nuna an ji ciwo, ba ta nuna wanda ya ji shi, don haka ba ta maye gurbin shaidu, ƙarfafa su take yi. Saƙonnin waya da muryoyin WhatsApp kada a goge, a tura kwafinsu zuwa wayar wani amintacce, domin wayar ce abu na farko da ake ƙwacewa idan rigima ta tashi.

Idan rai yana cikin haɗari, a fita tukuna, maganar ƙara ta biyo baya. Duka laifi ne da 'yan sanda suke da hurumi a kansa, kuma dokar hana cin zarafi ta 2015, wadda take aiki a Abuja, jihohi da dama irin su Kaduna da Bauchi suka yi tasu, ta ba kotu ikon ba da umarnin kariya. Amma 'yan sanda ba su raba aure, ba su karɓo sadaki, kuma dokarsu ta 2020 ta hana su kama mutum a kan rigimar da ba ta laifi ba. Mai kai surukinsa caji ofis saboda kuɗin lefe yana ɓata kuɗinsa da lokacinsa ne.

Yaji ma yana da tarko. Macen da ta bar ɗakinta ba da izini ba ta zauna a gida wata da watanni, ba ta kai ƙara ba, mijin zai riga ta zuwa kotu ya nemi a umarce ta ta koma, ya kuma ce ciyarwarta ta faɗi saboda bijirewa. Wadda ta fita saboda cutarwa ta shigar da ƙara cikin 'yan kwanaki, don a rubuta dalilin fitarta tun da wuri. Haka wadda mijinta ya yi tafiya bai bar mata komai ba: idan ya dawo ya ce yana aikowa, maganarta ake ɗauka daga ranar da ta kai wa alƙali ƙorafi, kafin wannan rana kuwa maganarsa ake ɗauka da rantsuwa. Kowane watan da ta yi shiru bashi ne da zai yi wuyar karɓowa.

To ina za a samu mai ba da shawara kafin a je teburin magatakarda? Akwai wurare da dama da ba a biyan kuɗi. Hukumar ba da agajin shari'a ta ƙasa, wadda aka fi sani da Legal Aid, an kafa ta tun 1976, tana aiki da dokar 2011, tana da ofis a kowace jiha. An yi ta ne don wanda abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda aka mayar naira 70,000 a 2024. Shari'ar laifuka ta fi cin ƙarfinta, amma tana ba da shawara, tana yin sulhu, tana kuma tura mutum inda ya dace. Ƙungiyar lauyoyi mata, FIDA, wadda take aiki a Nijeriya tun 1964, mata da yara marasa galihu ne aikinta, kuma tana tsaya musu a kotu kyauta. Ƙungiyar kare haƙƙin mata ta WRAPA, da aka kafa a 1999, ta daɗe tana aiki a kan haƙƙin mata a dokar iyali ta Musulunci a Arewa. Akwai ƙungiyar lauyoyi Musulmi, MULAN, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa, akwai kuma tsangayoyin koyar da lauyoyi na jami'o'i, kamar na Ahmadu Bello a Zariya da na Bayero a Kano, masu ɗakin ba da shawara inda ɗalibai suke aiki a ƙarƙashin malamansu. Mai zuwa ɗaya daga cikin waɗannan ta tafi da katin shaidarta, da takardar aure idan akwai, da takardun haihuwar yara, da takardar saki idan an ba ta, da sunayen shaidu da lambobinsu, da takarda guda da aka rubuta abin da ya faru bi da bi da kwanan wata. Ma'aikatan nan kaɗan ne, masu jira kuma suna da yawa. Wadda ta zo da takardunta a jere a zama ɗaya ake fahimtar ƙararta.

Hisba, wadda a Kano dokar 2003 ta kafa, da masu unguwanni da dagatai da zaurukan sulhu suna gyara aure da yawa, kuma ya kyautu a fara da su idan akwai sauran fata. Sai dai a san iyakarsu. Ba kotu ba ne, ba su da ikon sakin matar wani bisa tilas, kuma yarjejeniyar da aka yi a gabansu, in ɗaya ya saɓa, ba mai kama dukiyarsa. Idan an daidaita a can a kan kuɗin ciyar da yara ko riƙonsu, a rubuta, kowa ya sa hannu da shaidu, sannan a kai kotu alƙali ya mayar da ita hukunci.

Ba dole ne sai da lauya ake shiga kotun Shari'a ba. Mace tana iya tsayawa da kanta ko ta naɗa wakili. Amma idan akwai yara, ko dukiya mai yawa, ko mijin ya ɗauki lauya, to a nemi nata. Wajen zaɓe a tambaye shi kai tsaye ko yana yawan shari'ar iyali ta Musulunci, domin gwanin shari'ar filaye a Babbar Kotu zai iya zuwa gaban alƙali bai san yadda ake sukan shaida ba. A yi maganar kuɗi a rubuce tun farko: nawa ne na aikin duka, nawa ne kuɗin mota na kowane zama, ɗaukaka ƙara tana ciki ko ba ta ciki. A kula da masu yawo a harabar kotu suna cewa sun san alƙali. Duk kuɗin da aka biya a kotu, na shigar da ƙara ne ko na sammaci, a karɓi rasit.

A shigar da ƙarar a kotun yankin da mijin yake zaune ko inda aka yi zaman auren, don kada a ɓata wata biyu ana gardamar hurumi. Abin da ya fi jawo ɗage zama shi ne sammaci bai isa hannun mijin ba. A ba ɗan aiken kotu cikakken kwatance, unguwa da layi da wurin sana'a da lokacin da ake samunsa, in da hali wani namiji daga dangi ya raka shi. Idan mijin yana ɓuya, a roƙi kotu ta yarda a isar ta hannun mai unguwa ko a liƙa a ƙofar gidansa. Ranar da za a faɗi da'awa, a faɗi duk abin da ake nema a lokaci guda, a tabbata an rubuta: raba aure da dalilinsa, ragowar sadaki, bashin ciyarwa, kayan ɗaki, riƙon yara da ciyar da su. Alƙali ba ya ba mutum abin da bai nema ba. Kafin ya yanke hukunci kuma wajibi ne ya yi i'izari, wato ya tambayi kowane ɓangare ko yana da sauran hujja ko magana. Mutane suna ɗaukar wannan tambaya kamar gaisuwa su ce babu, alhali ita ce dama ta ƙarshe. Hukuncin da aka yanke ba tare da i'izari ba kuwa, kotun sama tana rushe shi.

Maganar kuɗin khul'i ita ce inda ake yawan zaluntar mata. Miji zai zo da doguwar takarda: kuɗin na-gani-ina-so, gaisuwar iyaye, lefe, kuɗin mota ranar biki, har da abincin da ta ci. Abin da hadisi ya kafa a kai sadaki ne. Mazhabar ta halatta a daidaita a kan ƙasa da shi ko sama da shi, amma da yardar matar, kuma tana da damar roƙon alƙali ya duba shekarun da ta yi a gidan da 'ya'yan da ta haifa da halin da take ciki. Kada ta amsa adadin da ba za ta iya biya ba don kawai ta gaji da zirga-zirga. Kada kuma ta yarda a saka sarayar da riƙon 'ya'yanta ko ɗaukar nauyin ciyar da su cikin fansar, sai ta fahimci abin da take sa wa hannu, domin irin wannan sharaɗi yana iya ɗaure ta.

Idan mijin ne ya yi sakin da kansa, takarda ita ce komai. Sau da yawa abin da ake miƙa wa mace fallen littafin makarantar yaro ne, an rubuta "na sake ki" da jan biro, babu kwanan wata, babu adadi, babu shaida. Bayan wata biyar ta samu miji, sai na farkon ya ce ai ya mayar da ita tun tana idda, ko ya ce ba rubutunsa ba ne. Takardar kirki tana ɗauke da cikakken sunansa da nata, da adadin sakin, na farko ne ko na biyu ko na uku, da kwanan wata, da sa hannunsa da na shaidu biyu, kamar yadda aya ta 2 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta yi umarni da kafa shaida. Idan da baki ya furta ko ta waya, waliyyinta ya tura mutum biyu a ranar su ji daga bakinsa. Macen da ta ce an sake ta, ba ta da ko shaida ɗaya, mijin ya musa, a hukunce tana nan matarsa.

Idda a Malikiyya tsarki uku ce, wata uku ga wadda ba ta haila, haihuwa ga mai ciki, kuma babu idda ga wadda aka saka kafin tarewa da saduwa, ita rabin sadaki take da shi. Mai shayarwar da jini ya ɗauke mata ba ta ƙirga wata uku ta ce ta gama, wannan kuskure ya sa an rushe aure da yawa, ta tambayi malami ko alƙali kafin a sa rana. A saki na ɗaya da na biyu, ci da sha da tufafi da wurin kwana duk suna kan mijin har idda ta cika, suna kuma gadon juna idan ɗaya ya rasu. A yankakken saki tana da wurin zama, ciyarwa kuwa sai in tana da ciki. Aya ta farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da ita daga ɗakinta, amma al'ada ta rinjayi aya, ana saki da Magariba, kafin Isha'i an kira a-kori-kura. A wannan gaggawar ake asarar kaya. Kafin a ɗaga ko kujera, mutum biyu daga kowane ɓangare su rubuta abin da yake ɗakin, a ɗauki hoto, a sa hannu. Idan aka yi jayayya babu shaida, abin da aka san na mata ne ana ba matar da rantsuwa, abin da aka san na maza ne ko wanda kowa yake iya mallaka ana ba mijin da rantsuwa. Ke nan firiji da talabijin da janareton da ta saya da kuɗin sana'arta ko iyayenta suka kawo, in babu rasit ko shaida, suna iya tafiya.

Riƙon yara kuwa, abin da ake yi a gari ya yi nisa da abin da yake a littafi. A Malikiyya uwa ce ta fi cancanta, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta auri wanda ba muharramin yaron ba, riƙon yana komawa ga kakarsa ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa, kafin a zo ɓangaren uba. Maganar "an yaye shi, a kawo mana ɗanmu" ba ta da tushe a mazhabar. Uba yana nan a matsayin waliyyi, shi yake da alhakin karatu da tarbiyya da aurarwa, yana da haƙƙin ganin 'ya'yansa, kuma uwar da take hana shi tana raunana ƙararta da kanta. Ci da tufafi da magani da wani kaso na kuɗin haya suna kansa gwargwadon ƙarfinsa, kuma wadda aurenta ya yanke tana da ladan shayarwa. Ga inda ake yawan faɗuwa: ciyar da 'ya'ya, saɓanin ta mata, tana faɗuwa da wucewar lokaci, sai in alƙali ya riga ya yanka, ko wanda ya ciyar ya nuna ba kyauta ya yi ba. Uwar da ta yi shekara shida tana ɗawainiya ita kaɗai sannan ta zo neman na baya, da wuya ta samu. A nemi alƙali ya yanka adadi tun watan farko, a riƙa biya ta hannun kotu ko ta banki don ya bar alama. In ya daina biya, kotun da ta yi hukuncin ake komawa neman zartarwa. In tsadar rayuwa ta cinye adadin, a nemi a sake dubawa.

Maza ma suna buƙatar shawara kafin su furta. Saki cikin wasa yana aukuwa, haka na fushi matuƙar hankali bai gushe ba, haka "in kin fita a bakin aurenki" idan ta fita. Saki uku a kalma ɗaya, a mazhabar da kotunanmu suke bi, uku ne. Wanda zai saka ya yi ɗaya, cikin tsarkin da bai sadu da ita ba. Wanda ya yi kome ya kafa shaidu ya sanar da ita da waliyyinta a lokacin, domin idan ta gama idda ba ta sani ba, ta yi wani aure har ta tare, ta kuɓuce masa.

Wanda bai gamsu da hukunci ba yana da kwana 30 a galibin jihohi ya ɗaukaka ƙara. A jihohi irin su Kano ana tashi daga kotun Shari'a zuwa Babbar Kotun Shari'a, sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta hurumin aure da rabuwarsa da riƙon yara, daga nan sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya da Kotun Ƙoli. Kotun sama da abin da aka rubuta take aiki, don haka a nemi kwafin shari'a a ranar hukunci, a sa mai ilimi ya karanta. Ƙorafi a kan halin alƙali ko ma'aikacin kotu kuma, ofishin Alƙalin Alƙalai ko hukumar kula da ma'aikatan shari'a ta jiha ake rubuta wa.

'Yan'uwanmu Kirista masu karanta wannan jarida, da duk wanda ya yi auren rajista, hanyarsu daban ce. Babbar Kotun jiha ko ta Abuja kaɗai take raba auren rajista, a ƙarƙashin dokar rabuwar aure ta 1970, bisa dalilin cewa auren ya lalace ba zai gyaru ba, kamar a yi shekara biyu ba a tare kuma ɗayan bai ƙi rabuwar ba, ko shekara uku ko ya ƙi. Ba a shigar da ƙara kafin aure ya cika shekara biyu sai da izinin kotu, kuma hukuncin farko ba ya zama tabbatacce sai bayan wata uku. Wanda ya yi sabon aure kafin nan ya aikata laifi. Wannan shari'a da takardu ake yinta tun daga farko, da wuya a iya ta ba lauya.

Ranar da alƙali ya raba aure ko ya tabbatar da saki, kada a bar harabar kotu sai an nemi takardar shaida mai hatimin kotu da kwanan wata. A yi mata kwafi uku, ɗaya wurin matar, ɗaya wurin waliyyinta, ɗaya wurin wani amintacce, a kuma ɗauke ta a waya. Limamin da zai ɗaura aure na gaba zai tambaye ta, kuma idan alƙali ne ya raba auren, daga kwanan watan da yake jikinta ake fara ƙirga idda.

Mun gode, Malam Edita. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wani lauya mai zaman kansa da wani tsohon magatakardan kotun Shari'a, Kano.